Kafin ka hau jar hanya a tsaunin ƙanƙara

Idan ka iya tsayawa da juyawa a kan allunan zamiya, lokacin barin filin 'yan koyo ya yi. Amma ka fara sanin launukan hanyoyi. A wuraren zamiya na Faransa, irin su Val Thorens da ke bisa tsayin mita 2,300, shuɗiyar hanya mai sauƙi ce, ja ta matsakaita, baƙa kuwa sai gwanaye. A Amurka shuɗi ne alamar matsakaita, kada launi ya ruɗe ka.

Ka yi sammako. Da dare manyan motoci ke bin hanyoyin suna daddanne dusar ƙanƙara, su bar ta da ƙananan layuka kamar kunyoyin gona. Da safe gefen allo ya fi kama ta. Bayan azahar jama'a sun tattaka ta, ta yi tudu da kwari, ga cinyoyi sun gaji. A nan ne gwiwa kan gurɗe.

Abin da ya fi kayar da matsakaici shi ne jingina baya don tsoro. Ka tura ƙwaurinka ya danne gaban takalmi, hannuwa a gaba, nauyinka a kan ƙafar da ke ɓangaren gangare. In gudu ya yi yawa, ka ƙarasa juyawar har ka gitta hanyar, zai ragu da kansa.

A dokar FIS, hukumar wasan zamiya a ƙanƙara ta duniya, wanda ke gabanka shi ke da hanya. Kada ka tsaya bayan tudu inda ba a hango ka, kuma ka waiga sama kafin ka tashi. Don Allah ka sa hular kwano.