Gonar Gado da Filin Gida a Bader Gula: Jan Kunne ga Magidanta

A ƙaramar hukumar Bader Gula, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, gandu, wato gonar da iyali ke nomawa tare ƙarƙashin maigida, shi ne tushen arziki, kuma shi ne ake gutsura duk lokacin da ɗa ya yi aure ya nemi wurin kafa gidansa. Gutsurar ba laifi ba ce, domin dole mai iyali ya samu matsugunni. Abin da ke tayar wa hukuma hankali shi ne yadda ake miƙa ƙasa da baki kawai, a gindin itace, gaban dattawa biyu ko uku waɗanda ba za su dawwama ba.

Ƙasa tana fita daga hannu zuwa hannu ta gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, wato riƙe gona a madadin bashi har mai ita ya fanshe ta. Aro da jingina su ne suka fi haifar da husuma, saboda wanda ya yi shekaru yana kai taki, ya yi rumbu, daga baya ya kafa ɗaki, 'ya'yansa sukan tashi da yaƙinin cewa wurin na ubansu ne, alhali magadan mai gona suna riƙe da wani labarin dabam. Ciniki marar takarda kamar iyaka ce da aka ja da sanda a kan tudun rairayi: ranar da aka ja ta kowa yana ganinta, har ana nuna wa baƙo, amma da iskar hunturu ta busa wata biyu sai a nemi layin a rasa, kowa ya nuna inda ransa ke so. Gamba da aguwa da ake dasawa a kan iyaka ma ana tumɓuke su da dare.

Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma tanadi kwamitocin kula da ƙasa. Na ƙauye, wanda ake kira Kofob, mai gari ne shugabansa, kuma a nan ake rubuta takardar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, gaban shaidu da maƙwabtan gona, kafin a ajiye kwafinta a kwamitin ƙaramar hukuma. Magidancin da ke cewa neman takarda daga ɗan'uwa rashin kunya ne, ya sani cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma bai fi waɗanda aka saukar musu da ita kunya ba. Sakaci ne kawai, kuma marayunsa ne za su biya kuɗin mota zuwa kotun Dakwaro.

Sauran ƙa'idojin sanannu ne. Ba a yankar filin gida daga gadon da ba a raba ba sai da yardar dukkan magada, har da mata, waɗanda shari'a ta ba su rabin rabon namiji, ba kwanon gero a lokacin kaka ba. Ba a gini a kan burtali ko bakin mashaya, domin yankin hanyar makiyaya ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta haramta mallake irin waɗannan wurare. A guji kwari, inda ruwa ke kwanciya ya zubar da ginin ƙasa.

Lokacin da ya dace da wannan aiki shi ne bayan an ɗauke amfanin gona, sa'ad da iyakoki ke bayyane kuma matasa ba su riga sun tafi ci-rani ba, domin a tara magada duka a taka gonar da ƙafa kafin kowa ya sa hannu.