Tabarau ga Mai Hawan Keke: Wane Iri Za Mu Saya?

'Yan'uwa manoma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da yawa daga cikinmu sun kakkaɓe tsohon Raleigh ko Phoenix da ke jingine a zaure, sun sake masa taya, sun koma kai kaya birni da ƙarfin ƙafa. Wanda ya tsaya a bakin titin Zariya da sassafe, daga Na'ibawa zuwa Unguwa Uku har Gyaɗi-Gyaɗi, zai ga masu keke da kwandunan tumatir da daman alayyafo suna ratsa tsakanin tirela da adaidaita sahu. Mun lura kusan kowa yakan duba birki da iskar taya kafin ya fito. Amma da wuya ka ga wanda ya tuna da idonsa.

A hunturun da ya wuce wani ɗan ƙungiyarmu ya ɗauko kwando biyu na tumatir zai kai kasuwar Tarauni. Yana gab da Gyaɗi-Gyaɗi sai wata tifa ta wuce shi, iska ta watso masa yashi a fuska. Ya runtse ido, ya saki hannu ɗaya zai murza, sai ga shi a cikin lambatu. Tumatir ya tafi, wuyan hannu ya karye, garkarsa kuwa ta yi mako shida a hannun yara, a daidai lokacin ban ruwa.

Bari mu yi ɗan lissafi. Mai keke da ke tafiyar kilomita 15 a sa'a yana cin mita 4 da 'yan kai a kowace daƙiƙa. In ya rufe ido daƙiƙa biyu kawai, ya yi tafiyar mita 8 a makance, a tsakiyar motoci. Wannan ne dalilin darasinmu na yau.

Abubuwan da ke damun idon mai keke

Na fari, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga hamada, musamman daga ƙasar Chadi. Mai shigowa Kano ta titin Zariya yana fuskantar arewa, watau iskar tana bugunsa kusan gaba da gaba. Takan busar da hawayen da ke jiƙa ido, sai ƙaiƙayi da ja su biyo baya.

Na biyu, tsakuwa da yashi da tayar mota ke cillowa, da ɓuntu da ƙaiƙayin gero lokacin kaka. Abin da ya fito daga tsiro ya fi haɗari, gama in ya karce baƙin ido yakan shigar da ƙwayar cuta mai wuyar magani, har ta bar farin tabo.

Na uku, ƙwari. Da damina bayan magariba sukan taru inda haske yake, mai keke kuwa ta cikinsu yake ratsawa.

Na huɗu, rana. A cikin haskenta akwai wani iri da ido ba ya gani, masana suna ce masa altarabayolet. Ba ya ciwo nan take. A hankali yake aikinsa, shekara da shekaru, yana gaggauta yanar ido, yana kuma jawo tsokar nan da kan tsiro a farin ido daga wajen hanci ta doshi tsakiya. Ku lura da wannan: mai shigowa ta titin Zariya da safe, rana tana hannunsa na dama. In ya juya gida da yamma yana fuskantar kudu, rana ta koma yamma, ga ta kuma a hannunsa na dama. Ashe ido ɗaya ne ke shan hasken daga gefe zuwa da dawowa.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, kamar 4 makafi ne, yanar ido kuwa ita ce kan gaba. Ya kuma nuna kashi 84 cikin 100 na makantar nan da an iya hana ta ko a warkar da ita.

Baƙi ba shi ne tsaro ba

A nan ne mafi yawanmu ke kuskure. Mai talla yakan zo da allonsa cike da tabarau, sai mu zaɓi wanda ya fi baƙi, muna tsammani shi ya fi ƙarfi. Ba haka ba ne. A tsakiyar ido akwai ɗigon baƙi wanda haske ke shiga ta cikinsa. Da rana yakan tsuke, cikin duhu yakan buɗe. In ka sa baƙin gilashin da ba ya tare hasken nan mai ɓarna, ɗigon zai buɗe domin yana jin inuwa, hasken kuwa ya sami ƙofa a buɗe. Gara babu da irin wannan.

Abin da ke tare hasken yana cikin kayan da aka yi gilashin da shi ne, ba a launinsa ba. Farin tabarau na robar da ake kira folikabonet yana tare kusan dukansa, alhali kana gani sarai kamar ba ka sa kome ba. Robar nan kuma ba ta tarwatsewa in tsakuwa ta buge ta, ba kamar gilashin ƙwalba ba.

Masu yin tabarau sun kasa duhunsa kashi biyar, daga lamba 0 zuwa 4, kuma sukan buga lambar a jikin hannunsa ta ciki. Lamba 0 fari ne. Lamba 1 yana da ɗan launi kaɗan. Lamba 2 matsakaici ne. Lamba 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske ya wuce, shi ne na tsakar rana. Lamba 4 ya yi duhu ƙwarai, ba a yi shi domin titi ba sam. Haka nan baƙin gilashin mai walda, kada kowa ya hau keke da shi.

Abubuwa biyar da za a duba kafin a biya

1. Alama. A nemi UV400 a jiki. In tabarau na aiki ne irin na masu gurza ƙarfe, a nemi Z87 ko EN166. Amma mu sani ana buga alama ta ƙarya, saboda haka inda aka saya ya fi alamar muhimmanci. Araha ba ta ado.

2. Siffa. A zaɓi mai lanƙwasa wanda ya zagayo har gefen ido. Mai faɗi irin na gayu yana barin ƙura da rana su shigo ta gefe. Amma kada hannunsa ya yi kauri har ya hana ka hango abin da ke tahowa daga gefenka, gama mai adaidaita ba ya sallama kafin ya karkato.

3. Gaskiyar gani. Riƙe shi nesa da fuska, ka dubi turken lantarki ko bakin ƙofa ta cikinsa, ka motsa shi sama da ƙasa. In turken ya lanƙwashe ko yana rawa, mayar wa mai shi. Irinsa ke kawo ciwon kai, ya kuma sa ka kasa auna zurfin rami.

4. Launi. Toka-toka ko ruwan ƙasa sun fi, domin ba su ɓata ja da kore na danja. Shuɗi da ja na ado ne.

5. Zama. Sa shi, ka sunkuya, ka girgiza kai. In ya zame a shago, a titi faɗuwa zai yi sa'ad da gumi ya zo. Kada kuma ya manne wa fuska ƙam, a bar 'yar kafa domin kada numfashi ya rufe shi da hazo, musamman ga mai rufe hanci da rawani ko ƙyalle.

Wane iri ga wane lokaci

Mu tambayi kanmu, yaushe muke kan hanya? Mai kayan gwari yakan fito tun asuba, wani lokaci kuma magariba ta riske shi bai kai gida ba. Ga irin wannan, fari shi ne na farko. In kuɗin guda ɗaya gare ka, sayi fari na folikabonet mai lanƙwasa. Zai tsare ka daga ƙura da tsakuwa da ƙwari da hasken nan mai ɓarna, dare da rana. Ka haɗa da malafa mai igiya ko hular kwano mai baki, ta yi maka inuwa. In hali ya samu, ka ƙara lamba 2 ko 3 domin rana tsaka da bazara. Da rana ta yi ja, cire baƙin ka sa fari. Waɗansu suna cewa rawaya yana ƙara gani da dare. Ba ya ƙarawa, duk gilashi mai launi rage haske yake yi.

Wanda likita ya ba tabarau na ganin nesa, ya hau keke da shi, akwai kuma farin na aiki mai faɗi da ake ɗorawa a kansa. Amma tabarau na karatu da dattawanmu ke saye a kasuwa na ganin kusa ne kaɗai. Wanda ya hau titi da shi zai ga hanya dishi-dishi.

Wajen tsabta, a zuba ruwa tukuna ya wanke ƙurar, sa'an nan a goge da ƙyalle mai laushi. Gogewa da bakin riga a bushe kamar gurza shi da yashi ne. Wanda ya karce ya zama abin yarwa, gama da dare yakan watsa hasken fitilar mota a ido.

In abu ya riga ya shiga

Ka riƙe kan keke da hannu biyu, ka ja birki a hankali, ka sauka gefe. Kada ka murza. Wanke da ruwa mai tsabta da yawa, ledar ruwa guda ta isa a fara. Kada a sa ruwan sukari, ko nono, ko ruwan ganye, ko kwalli, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, domin waɗansunsu suna ƙara wa gyambon ido ƙarfi. In zafi ko ja ko dishi-dishi ya kwana, a tafi asibiti a ranar. In ƙarfe ko tsakuwa ta kafe a ido, kada a ciro, a rufe ba tare da dannawa ba, a tafi nan da nan. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan kan titin Zariya kusa da Gyaɗi-Gyaɗi, yana da sashen ido. Akwai kuma Asibitin Ido na ECWA, wanda ke aiki a Kano tun 1943.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki da iri a sari, haka za mu iya sayen farin tabarau dozin-dozin wurin masu kayan aiki, a fara kai guda ɗaya asibitin ido a duba shi kafin a sayi sauran. Zai yi amfani kuma wajen sussuka da shiƙa da faskare.

Mun san waɗansu suna jin kunya, kada a ce sun zama 'yan birni. In shugaban ƙungiya da ma'aji suka fara sawa, kunyar za ta ragu. In ka iso wurin manya, sauka ka cire ka gaisa, in ka hau ka mayar.

Tambayoyi domin taron wannan wata

1. Mutum nawa a ƙungiyarmu ke kai kaya birni a keke, kuma da wane lokaci suke kan hanya?

2. Wa ya taɓa faɗuwa ko ya yi jinyar ido saboda ƙura ko ƙwaro? Kwana nawa ya rasa a gona?

3. Kowa ya kawo tabaran da yake da shi a gida, mu gwada su da turken lantarki. Nawa ne suka ci jarrabawa?

4. Nawa kowa zai iya bayarwa domin a saya kafin hunturu ya shigo?