Renon irin tumati da tattasai a gida lokacin ɗari

A watannin Disamba da Janairu, sanyin dare yana hana irin tumati da tattasai tsirowa da wuri. In dashe ya makara, shukar takan yi fure cikin zafin Afrilu, furen ya zube, wahalarmu ta tashi a banza. Maganin wannan shi ne mu reni iri a gida.

1. Mu sami tsohuwar tasa, mu huda gindinta domin ruwa ya riƙa fita.
2. Mu gauraya ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki daidai wa daida. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.
3. Mu shuka iri, zurfin santimita 1.
4. Mu yayyafa ruwa kaɗan da hantsi. Yawan ruwa yana ruɓar da tsiro.
5. Da magariba mu shigar da tasar ɗaki, da hantsi mu fitar da ita rana, inda kaji ba su kaiwa. Tsiron da ya rasa rana yakan miƙe siriri, ya faɗi.

Tumati yakan isa dashe cikin kwana 25 zuwa 30, tattasai kuwa wajen kwana 45. Mu dasa su a garka da marece, mu ba su ruwa nan take.