Darasin Lafiyar Iyali: Idan Haƙorin Gaba na Yaro Ya Karye

'Yan'uwa, yaro ba ya girma sai da faɗuwa. Wajen langa, ko ƙwallo, ko hawan keke, sau da yawa baki ne ke fara shan ƙasa, kuma haƙoran gaba biyu na sama su ne suka fi karyewa. Abin da muka yi a cikin sa'ar farko shi ne zai nuna ko haƙorin zai tsira, ko kuwa yaron zai girma da giɓi.

Mu san irin haƙorin

Haƙoran yarinta guda 20 ne, suna fara fitowa tun yaro yana da kamar wata 6. Wajen shekara 6 zuwa 8 ne yake yin famfara, na gaba su zube, na dindindin su maye gurbinsu. Idan na yarinta ya fice gaba ɗaya, kada mu mayar da shi, domin zai iya lalata sabon haƙorin da ke kwance a ƙarƙashin dasashi. Na dindindin kuwa ba shi da magaji, saboda haka dole mu yi ƙoƙarin cetonsa.

Taimakon farko

Mu fara duba yaron kafin haƙorin. In ya suma, ko yana amai, ko ya rikice, a wuce da shi asibiti nan take, gama raunin kai ya fi na haƙori haɗari. In babu waɗannan, a kurkure masa baki da ruwa mai tsabta, a danne wurin da ke jini da ƙyalle mai tsabta.

Idan ɓallewa haƙorin ya yi, mu nemi guntun mu saka shi cikin madara, domin likitan haƙori yana iya manna shi. In mun ga ɗigon ja a tsakiyar abin da ya rage, jijiya ta buɗe ke nan, kada a kwana ba a ga likita ba.

Idan na dindindin ya fice da saiwarsa, mu riƙe shi ta farin kansa, kada mu taɓa saiwar. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi kaɗan da madara, ban da gogewa ko kankarewa. Sai a mayar da shi cikin raminsa a hankali, yaron ya ciza ƙyalle, a tafi asibiti. In mayarwar ta gagara, a tsoma shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, ko cikin yawun yaron a ɗan kofi. Kada a naɗe shi a takarda, kada kuma a jiƙa shi cikin ruwa. Dalili kuwa, akwai ƙwayoyin rai a jikin saiwar waɗanda ke sake haɗa haƙori da ƙashi, kuma yawancinsu suna mutuwa in sun yi minti 60 a bushe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Jinya a gida

Likita yakan ɗaure haƙorin da aka mayar da siririyar waya na kamar mako 2, ya kuma duba ko ana bukatar allurar tetanus. Namu shi ne mu ba yaron abinci mai laushi kamar kunu, fate da ayaba, mu hana shi gatsar rake ko ƙashi, ya riƙa wanke baki da buroshi mai laushi. Don zafi, farasitamol daidai da shekarunsa ya isa. Kada mu sa masa garin taba, ko ruwan batir, ko asfirin a dasashi, ƙona naman suke yi.

Ko bayan watanni, in haƙorin ya fara yin baƙi, ko ƙurji ya fito a dasashi, mu koma wurin likita, ko da yaron bai yi kukan ciwo ba.

A ƙarshe, mu hana yara buɗe kwalba da haƙori, mu ma mu daina yi a gabansu. Mu koya wa malaman makaranta da yayyen yara wannan darasi, gama sau da yawa su ne ke kusa sa'ad da abin ya faru.