Hawan Jini, Gado da Dusar Hatsi: Darasi don Mata Masu Jiki

Ƴar'uwa, in kin zo awo asibiti, ma'aikaci yakan ɗaura miki maɗauri a dantse, ya hura shi, sa'an nan ya faɗa miki lamba biyu. A nan Nijar mukan ce 12 bisa 8. A katin Nijeriya za ki ga an rubuta 120/80. Duk abu ɗaya ne. In awonki ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana dabam aka sami haka, to, kina da hawan jini, wanda mutane ke kira tansiyo. Wannan ciwo ba ya sallama. Mace takan yi shekaru da shi tana daka tana sussuka, ba ta jin kome, sai ran da ɓarin jikinta ya shanye ko ƙodarta ta gaza.

Mata da yawa sukan ce mana, "Likita, gado ne. Innata ta yi shi, kakata ma ta yi shi." Gaskiya ne, ana gadonsa. Yadda kika ɗauko kamar fuska da tsawo daga iyayenki, haka kika ɗauko irin aikin ƙodarki. Ƙodar wasu tana saurin fitar da gishiri ta fitsari, ta wasu kuwa tana riƙe shi. Gishiri yana riƙe ruwa, ruwa ya ƙara yawan jini, jini ya matsa wa jijiyoyi. Shi ya sa kishiyoyi biyu za su ci tuwo ɗaya da miya ɗaya, awon ɗaya ya hau, na ɗayar bai motsa ba.

Amma gado ba shi kaɗai ke aiki ba. Ƙiba tana taya shi. Kitse, musamman na ciki, ba kaya ba ne kawai da kike ɗauke da shi. Yana fitar da wani sinadari cikin jini wanda ke sa jijiyoyi su tsuke, ƙoda kuma ta ƙara riƙe gishiri. Ki ari tef wurin tela, ki auna kugunki daidai cibiya. In ya wuce santimita 88, kuma akwai tansiyo a danginku, kada ki jira sai kin ji ciwon kai kafin ki zo awo. Mun san ana yaba wa mace in ta yi jiki, ana cewa ta sami hutu gidan miji. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, wasunsu su da kansu suna hau da jini. Ki rabu da su.

Yanzu ga abin da ke hannunki. Cikin hatsi, da wake, da ganye, da ƴaƴan itace akwai wani sashe da ciki ba ya narkar da shi. Za mu kira shi harzar abinci. Dusa harza ce, ɓawon wake ma haka, har yauƙin kuɓewa wata irin harza ce mai laushi. Harza tana cika ciki, ki ƙoshi da wuri, yunwa kuma ba ta saurin dawowa. Tana hana sukari shiga jini gaba ɗaya. In ta isa babban hanji, ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune can su ci ta, su fitar da abin da ke taimakon jijiyoyi su saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla giram 25 na harza kowace rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba ki wajen giram 10.

Abin takaici, mu da hannunmu muke zubar da ita. A surfe hatsi, a bushe, a wanke, a sake wankewa har ya yi fari fat, dusar a ba awaki. A gari kuma farar shinkafa da burodi da makaroni sun kore tuwon dawa daga gidaje da yawa. Ki rage surfe, ki bar tuwonki da furarki su ɗan yi duhu. Ki dafa wake da ɓawonsa. In shinkafa da wake za ki yi, wake ya fi yawa. Kwaɗon zogale, rama, tafasa, miyar kuka da ta kuɓewa, gwaiba, magarya, goruba, duk ba su fi ƙarfin aljihu ba. Sai dai a sassauta wa mai da ƙuli-ƙuli. Ki fara kaɗan kaɗan, ki sha ruwa da yawa, don makon farko ciki yakan yi kumburi da iska, daga baya ya saba.

Ki lura da kanwa. Gishiri ce ita ma a wurin ƙodarki, haka dunƙulen Maggi. Maimakon ki zuba kanwa don wake ya nuna, ki jiƙa shi tun dare. Mai jego da ke da tansiyo ta bar kunun kanwa, ko da tsofaffi sun matsa mata. Gishirin da mutum zai ci a yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Kada mu ruɗe ki. Harza ita kaɗai kaɗan take rage awo, kuma ba daidai take yi wa kowace mace ba. Nan ma gado yana da hannu. Wata za ta ga canji cikin wata biyu, wata sai ta haɗa da rage kilo da tafiya a ƙasa kullum. Ko kilo 5 kika rage, awo yakan sauka. In an riga an ɗora ki kan magani, ki ci gaba da sha ko da kin ji garau. In kina da juna biyu kuwa, ba lokacin rage jiki ba ne: ki zo awon ciki, kuma in kin ga kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ki taho ran nan, ko da dare ne. Duk zuwan da za ki yi, ki riƙo katinki, mu gwada awon yau da na watan jiya.