Yadda Ake Zaɓen Masauki a Maiduguri Gwargwadon Aljihu

Maiduguri gari ne mai faɗi, kuma tun shekarar 2011 aka hana hawa babur a cikinsa. Zirga-zirgar baƙo duk a Keke Napep take, ko tasi. Wanda ya sauka nesa da inda hidimarsa take, ɗan abin da ya rage a kuɗin ɗaki a hannun mai keke zai ƙare. Ga yadda ake bin abin daki-daki, musamman ga mai hidima a gabashin gari, wajen Muna da Dusuman.

Mataki na ɗaya: san hanyar da hidimarka take

Manyan hanyoyi biyar ne suka fita daga Maiduguri. Ta yamma ita ce hanyar Damaturu zuwa Kano, kuma ta wannan ɓangaren filin jirgin sama yake, da unguwanni irin su Bulumkutu da Gomari. Hanyar Baga ta yi arewa, can ne kasuwar kifi. Jami'ar Maiduguri da asibitin koyarwarta suna kan hanyar Bama. Sai hanyar Damboa mai zuwa Biu, sai kuma hanyar Dikwa da Gamboru Ngala, wadda ta tashi daga unguwar Kwastam ta bi ta tashar Muna.

Dusuman na kan wannan ta ƙarshen, gaba da Muna, cikin ƙaramar hukumar Jere. Yankin manoma ne a bakin gari, ba wurin neman otal ba. In ba ɗan'uwa gare ka a can ba, ko wani sananne da zai sauke ka a gidansa, to ka kwana cikin gari wajen Kwastam ko unguwar Gamboru (ba Gamboru Ngala ba), ka fita da safe, ka dawo kafin rana ta faɗi. Mai jinya kuwa ya nemi ɗaki kusa da asibitin koyarwa ko da ya ɗan fi tsada, domin dare na iya tsalawa a kira shi.

Mataki na biyu: shirya lokacin isowa

Mai zuwa ta mota daga Kano ko Jos ya yi sammako. An daɗe ana rufe hanyar Damaturu da yamma saboda tsaro, kuma a watan Fabrairun 2020 matafiyan da suka tarar an rufe ƙofa suka kwana a Auno, inda aka kai musu hari, mutum aƙalla 30 suka rasa rayukansu. Ka tambayi direbobin tasha ƙarfe nawa ake rufewa a ranar da za ka tafi. In lissafi bai kai ba, ka kwana a Potiskum ko Damaturu. Isowa da rana ma na ba ka damar duba ɗaki biyu ko uku kafin ka ce ga naka.

Mataki na uku: auna aljihunka

Mai ƙumbar susa ya nufi GRA da hanyar Damboa. Nan ne manyan otal suke, masu katanga da masu gadi da janareta mai kwana yana aiki. Sai dai tun da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka cika garin, kuɗin ɗaki da na haya a wannan yanki ya yi tashin gwauron zabo, kuma ranar da ake wani taro ɗakuna kan ƙare da wuri. A buga waya a kama ɗaki tun kafin a taso.

Mai matsakaicin ƙarfi, wanda shi ne yawancinmu, ƙananan otal da gidajen saukar baƙi ne nasa, kuma kusan kowace babbar unguwa akwai su. A nan ake yawan ruɗuwa, domin gida biyu masu kuɗi ɗaya sai ka ga bambancinsu ya wuce misali. Hoton da aka sa a Facebook ranar buɗe gida aka ɗauke shi. Kada ka tura kuɗin kwana uku kafin ka ga ɗaki da idonka. Biya na dare ɗaya, in ya yi maka ka ƙara, kuma ka nemi ragi in za ka yi mako.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da hanya biyu. Akwai ɗakunan kwana na kusa da tashoshi, amma araha ba ta ado: banɗaki na haɗaka ne, ƙofa wani lokaci sakata kawai, kuma mai iyali ko mace ita kaɗai ban ba su shawarar nan ba. Hanya ta biyu ita ce ta iyaye da kakanni, wato sauka wurin fatoma. Fataken shanu da na kifi har gobe haka suke yi. Fatoma ya ba ka wurin kwana, ya adana maka kaya, ya haɗa ka da mai saye, ya ɗauki la'adarsa a ciniki. Amma ba a faɗa masa haka kawai, sai wani da ya san ku duka biyun ya gabatar da kai.

Mataki na huɗu: duba ɗaki kafin ka biya

A ganina wannan matakin ya fi sauran nauyi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, kuma ɗakin da ba wuta a irin wannan dare, bango da katifa duk turiri suke yi har asuba. Garin ya sha duhu mai tsawo bayan an fasa turakun wutar layin Damaturu a Janairun 2021. An buɗe tashar wuta mai aiki da gas, mai megawat 50, a Maris ɗin 2023, amma duk da haka kada ka dogara da wutar gwamnati kaɗai.

Saboda haka kada ka ce wa mai karɓar baƙi, "Akwai wuta?" Kowa zai ce akwai. Ce masa, "Malam, ƙarfe nawa kuke tada inji, ƙarfe nawa kuke kashewa?" In sola ce, tambaye shi ko tana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka da ƙwan fitila kawai. Shiga banɗaki ka murɗa famfo. In ka ga babban bokiti cike a gefe da moɗa a kansa, ka san ruwan na 'yan garuwa ne, kuma yana iya yankewa. Duba ragar taga ko ta yage, musamman da damina. A watan Afrilu ka guji ɗakin da ke can saman bene ƙarƙashin kwano, da wanda tagarsa ke kallon yamma. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ruwan zafi da bargo za ka tambaya.

Mataki na biyar: tambayi labarin ruwa

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Fori da Gwange da Gamboru da Kwastam, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. An taɓa yin irin haka a 1994. Wato unguwannin da suka fi kusa da hanyar Dusuman suna cikin waɗanda ruwan ya fi ci. In zuwanka ya faɗo a Agusta ko Satumba, nemi ɗakin bene, ko ka koma yammacin gari ka jure kuɗin keke. Sabon fenti na ɓoye shaidar ruwa a bango, amma mai shayin bakin layi zai nuna maka inda ya kai.

Mataki na shida: in zaman zai yi tsawo

Wanda zai yi wata da watanni, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, haya ta fi masa. Ka bi ta hannun dillalin da 'yan unguwa suka sani, ka ga mai gidan ido da ido, a rubuta takarda da shaidu kafin kuɗi su fita. Daga nan ka sa a kai ka ka gaida Bulama, wato mai unguwa. Garin ya ga abin da ya gani, baƙuwar fuska ba ta wucewa ba a lura da ita ba, kuma 'yan ƙato da gora za su so su san wanda ya tsaya maka. A wuri irin Dusuman ma, da gaisuwar Bulama ake fara komai.

Ko ina ka sauka, katin shaidarka ya kasance a aljihu duk lokacin da za ka fita hanyar Dikwa, domin ana iya tambayarka a shinge.