Haƙƙin Kyanwa Mai Ciki a Kan Mutanen Gida

Duk wanda ya san ƙasar Karaye da Rogo, tun daga bakin madatsar ruwan Challawa wadda aka kammala a shekarar 1992, har zuwa ƙauyukan da suka yi iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau, ya san cewa arzikin mutanen wannan yanki, bayan ikon Allah, a cikin rumbu yake da ɗakin ajiya, inda ake jibge masara da dawa da gyaɗa da wake idan kaka ta yi. Kowane rumbu kuwa yana da maƙiyi wanda ba ya barci da dare, watau ɓera, yana kuma da mai gadi wanda ba a yi jinga da shi ba, ba ya jiran albashin wata, watau kyanwa. Abin mamaki shi ne, wannan mai gadi, da yake ba a saye ta da kuɗi ba, ba a kuma yanka ta ran salla, sai ta zama ba ta kowa ba: ta kwana a zauren wannan, ta yi kalaci a bayan ɗakin wancan, ran da ta haihu a cikin tarin kara kuma kowa ya ce ba tasa ba ce. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa kyanwar da ta zaɓi gidanka ta sauke cikinta ta zama amana a wuyanka, kuma sauke wannan amana bai kai kuɗin goron yini guda ba.

Mu fara da abin da shari'a ta ce, domin shi ne asali. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, ya kuma kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore mata najasa, ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Babban mai ruwayar hadisi, Abu Huraira, da 'yar kyanwar da yake ɗauka ya sami alkunyarsa. A Misira ma an ba da labarin Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, cewa ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Saboda haka maganar da wasu ke yi, wai baƙar kyanwa mayya ce ko aljana, har yara su bi ta da jifa manya na kallo, camfi ne tsagwaronsa, ba shi da madogara a littafi ko a hankali.

Ta fuskar maslaha kuma, ɓera ba cin hatsi kaɗai yake yi ba, yana bin sauran da fitsari da kashi, ta nan ne kuwa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, yake shiga jikin ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin dabarun da ta zayyana na kauce wa wannan cuta, ta haɗa rufe hatsi da tsabtar gida da ajiye kyanwa a wuri guda.

Cikin kyanwa ba ya daɗewa: kwana 63 zuwa 65 ne a galibi, watau mako tara. Wajen mako na uku kan nonuwanta yakan yi ja ya ɗan kumbura, daga mako na biyar kuma ciki ya fito fili, cinta ya ƙaru, yawonta ya ragu, har ka ga wadda da ba ta yarda a kusance ta ba ta fara raɓar ƙofar madafi. A nan ne kuskure mafi yawa yake aukuwa, domin akwai maganar da ta zauna a bakin jama'a, cewa in ka ciyar da kyanwa ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba. Wannan ba haka ba ne. Farauta ɗabi'arta ce da Allah Ya halicce ta a kai, tana yi ko da ƙoshi ko da yunwa, bal ma mai ƙarfin jiki ta fi ramammiya iya kwanton ɓauna. Wadda aka bari da yunwa kuwa ita ce take faɗa wa 'yan tsaki da naman miya, sannan a ce ɓarauniya ce. Mai ciki tana bukatar ƙarin kusan rabin abin da ta saba ci kafin ta haihu, mai shayarwa kuwa ninki biyu ko uku.

Sai dai a lura, kyanwa maciyar nama ce zalla, ba kamar kare ba, kuma ragowar tuwo da miyar kuka ba ta riƙe ta, ko da ta lashe don tsananin yunwa. Wadda ta daɗe a kan hatsi kaɗai idonta da zuciyarta sukan raunana. Mutanen Karaye suna da sauƙi a nan, tun da yake kifin madatsa ba ya yankewa: kan kifi da ƙananan da ba su shiga kasuwa, in an dafa an zare manyan ƙayoyi, sun wadatar. A Rogo da ƙauyukanta, irin su Zarewa da Fulatan, guntattakin da mahauta ke zubarwa ran kasuwa, da kayan cikin kaza, da dafaffen ƙwai lokaci lokaci, duk abinci ne mai kyau, da sharaɗin ba a sa albasa ko tafarnuwa ba, domin su biyun suna lalata mata jini. Madarar shanu ɗanya, wadda kowa ke tsammani ita ce gatan kyanwa, takan sa mafi yawansu zawo. Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne ruwa mai tsabta a kasko, a inuwa, musamman a bazara.

Idan haihuwa ta kusa, da kamar mako guda, za ka ga tana leƙe-leƙe, tana neman wuri mai duhu wanda ƙafa ba ta yawan bi. In ba a tanadar mata ba, za ta zaɓa da kanta, zaɓin nata kuma wani lokaci halaka ne: ƙarƙashin rumbu inda ruwan damina ke kwanciya, ko tokar murhu mai ɗumi, ko tarin karan da za a cinna wa wuta, ko cikin injin motar da aka ajiye. Kwali ko tsohon kwando ya isa, a shimfiɗa tsumma mai tsabta, a sa a lungun ɗakin ajiya, a ɗaga shi kaɗan daga ƙasa saboda danshi da kwarkwasa, a kuma bar mata kafar shiga da fita. In ta ƙi wurin, kada a tilasta ta, kada kuma a kulle ta. A gyara inda ta zaɓa gwargwadon hali.

Ran haihuwa kuwa, mafi alherin abin da mutum zai yi shi ne ya ja da baya, ya kuma kori yara. Takan haifi uku zuwa biyar, tsakanin ɗaya da ɗaya daga minti goma zuwa sa'a guda, wani lokaci ma ta huta sa'o'i masu yawa sannan ta ƙarasa. Ita ce ungozomar kanta: ta yage rigar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe shi har ya yi numfashi, ta gutsure cibiya, ta cinye mabiyiya. Mai leƙe daga nesa yakan ga wannan na ƙarshe ya ce ta cinye ɗanta, alhali kuwa ba ta cin ɗa sai nadiran, in ya zo a mace ko an firgita ta ƙwarai. Amma idan ta yi rabin sa'a tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko ɗa ya maƙale, ko wani ruwa mai wari ya biyo baya tana kwance ba ta ci, to, lamarin ya wuce na gida, sai a nemi malamin dabbobi na sashen gona a ƙaramar hukuma. Abin da ya gagare shi akwai asibitin dabbobi na Gwale a Kano, akwai kuma na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samarun Zariya. Kada a ce za a taimake ta da maganin mutane, domin ƙwayar farasitamol guda ɗaya tak tana iya kashe kyanwa.

Ɗan kyanwa yana zuwa duniya makaho, kurma, nauyinsa wajen giram 100, kuma har ya yi mako uku jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, sai da na uwa da na 'yan'uwansa. Don haka waɗanda aka haifa a hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sanyi ne yake fara kashe su kafin yunwa, kuma buhu guda da aka kare bakin kwali da shi yakan raba tsakanin rai da mutuwa. Dakashin kwana na farko shi ne rigakafinsu, kada a raba su da uwa a ranar ko da na sa'a ɗaya. Ido yakan buɗe tsakanin kwana bakwai da goma, ba a kuma buɗe shi da hannu. In an dami uwar da ɗauka da kallo, za ta kwashe su ɗaya ɗaya a baki ta sake wuri, sau da yawa zuwa inda ya fi na farko haɗari, inda kare ko baƙon muzuru zai same su. Wanda ya tarar da 'ya'ya su kaɗai kada ya yi gaggawar cewa marayu ne, la'alla uwar ta fita neman abinci. Ya dakata sa'o'i kaɗan daga nesa, in suna kwance shiru a dunƙule, cikinsu a cike, to, tana nan.

Marayu na haƙiƙa, waɗanda mota ko guba ta kashe uwarsu, aikinsu yana da wuya, ba kuma kullum ake dacewa ba. Mafi kyau a nemi wata mai shayarwa a unguwa, domin sau da yawa takan karɓa. In babu, sai a fara ɗumama ɗan a jiki kafin a ba shi kome, sannan a ɗiga masa madarar 'yan kyanwa ta kanti, ko nonon akuya da aka tafasa aka kaɗa da ƙwanduwar ƙwai in ita ce ta samu, da sirinji marar allura, kowace sa'a biyu ko uku dare da rana, yana kife bisa cikinsa, ba a rigingine ba, don kada ya shaƙe. Bayan kowane ci a shafa masa ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi, domin ba ya fitsari ko kashi sai an yi masa abin da harshen uwa yake yi.

Guba da muka ambata tana bukatar kalma guda. Gidan da yake da kyanwa bai kamata ya zuba maganin ɓera ba, domin ɓeran da ya ci guba tafiyarsa takan yi nauyi, shi ne kuwa mai shayarwa za ta fara kamawa, ta mutu ta bar 'ya'ya. Haka nan fiya-fiya da maganin feshin gona da na kaskar shanu, kada a shafa wa kyanwa don ƙuma. 'Ya'ya ƙanana a taje su da matsefi mai ƙananan haƙora, a riƙa sauya shimfiɗa ana shanya ta a rana.

Akwai kuma haƙƙin mutanen gida, wanda tausayin dabba ba ya kayar da shi. Mace mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke taɓa ɗan tayi. Wani ya kwashe kullum, ya binne, ya wanke hannu da sabulu. Ciwon haukan kare kuma yana kama kyanwa, kuma in alamarsa ta bayyana a jikin mutum ba a tashi. Wanda ta ciza ko ta yakusa har jini ya fita, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka. Ita kanta dabbar ana yi mata allurar rigakafi daga wata uku da haihuwa.

Daga mako na huɗu 'ya'ya sukan fara lasar abinci mai laushi, yaye kuma ya kammala wajen mako na takwas, a tsakanin nan ne uwa take kawo musu ɓera da ransa tana koya musu sana'a. Wanda aka cire kafin lokacin yakan tashi da rauni da tsoro. A nan ne kuma ake aikata abin da ya fi kome muni a wannan babi, watau a zuba su a buhu a kai bayan gari ko bakin kasuwa a yar, mai yin haka yana ganin bai kashe ba, alhali ya bar wa yunwa da shaho su kashe a madadinsa. Uzurinsa, cewa sun yi yawa, gaskiya ne, domin kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, tana iya haihuwa sau uku a shekara, har ma takan ɗauki wani cikin tana cikin shayarwa. Likitocin dabbobi suna da aikin da suke yi wa mace da namiji don tsayar da haihuwa, malamai sun yi saɓani a kansa, da yawa daga na wannan zamani kuma sun halatta in an yi shi don kauce wa cutarwar da ta fi shi girma. Mai shakka ya tambayi malamin garinsu. Wanda wannan ya yi masa nisa, ya fara cigiyar masu so tun 'ya'yan suna wata guda, a wurin masu rumbu da masu shagon hatsi da masu injin niƙa, ya miƙa su bayan mako takwas, ya kuma gaya wa mai karɓa ya tsare ɗan a ɗaki guda da abinci da ruwa da kaskon yashi na kamar mako biyu, har ya san gidan, kafin a bar masa ƙofa a buɗe.